Ɗakin da Anka Zana da Toka

Da can in zan ba da labari sai in ce a matso kusa, a bar mini wurin miƙe ƙafa. Yanzu wurin miƙe ƙafa ya yi yawa, masu matsowa ne babu. To bari in faɗe shi hakanan, wanda ya ji ya ji. Ni ban shiga lakwal ba, wato makaranta, ban san baƙi ko guda na boko ba, amma na san zanen gida tun ban isa ɗaukar tulu ba, domin ubana magini ne, kuma ni ce mai ɗaukar mishi toka.

A Gene anka haife ni, kudu da nan Malanbil, tun hanyar ba ta san manyan motocin nan masu jeruwa bakin duwan, wurin ƴan kwastan, ba. Ubana bai samu ɗa namiji da ya rayu ba, sai ya riƙa jana wurin aiki, uwata tana faɗa, shi ko shina yin kamar bai ji ba. Kowace safiya kafin a hura wuta sai in bi murhunmu da na maƙwabta in kwashe tokar jiya, in tankaɗe ta da rariya, in tsince gawayi, in zuba cikin wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki biyu. Tokar ƙirya ya fi so, don fara ce tas kuma tana da nauyi, iska ba ta kwashe ta da wuri. Tokar kara kuwa ya ce ta raggaye ce, kafin azahar ta watse. Shina da igiya ta rama wadda ya tufka da kanshi, ya yi mata ƙulli a kowane kamu, kamun hannunshi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. In ɗaki mai zagaye ake so, sai ya kafa turke a tsakiya, in danne igiyar da hannu biyu, shi kuma shi duƙa shina zagayawa, toka tana zuba daga dunƙulen hannunshi siririya kamar zare. In ya iso inda ƙofa za ta zauna sai ya rufe hannun, ya yi taki guda, ya sake buɗewa. Har yau ina jin abin da kunnena ke ji a lokacin: nishinshi in ya duƙa, kukan zabi a bayan danga, luguden mata daga nesa, da Fulani masu tallan nono suna wucewa suna tambaya gidan wa za a yi. Kafin rana ta yi zafi sai ka ga gida a kwance bisa ƙasa, fari fat, zaure ga shi, madafa ga ta, rumbu ga shi, babu bango ko guda amma kowa ya san inda shike tsaye.

Abin da ya bambanta ubana da sauran magina shi ne, in ya gama zane ba ya bari a sa diga sai an kwana uku. Kwana ukun nan na matar gida ne. Sai ya ce ta kawo turminta ta ajiye inda za ta riƙa daka, ta jera duwatsun murhu, ta ɗauko tulu da ruwa a ciki ta shigo da shi ta zaure ta kai inda randa za ta zauna, ta yi shiga da fita kamar gidan ya tsaya. Kuma ba a tsallake toka. Ko mai gidan ne ya ɗaga ƙafa ya ƙetare layi sai ubana ya daka mishi tsawa: "Kai aljani ne da za ka bi ta bango? Ga ƙofa can!" Mutane su yi ta dariya, shi ko ko murmushi. Tsintsiya kullum tana ƙarƙashin hammatarshi. In mata ta ce nan ya yi mata nisa da can, sai ya share, ya sake zubawa. Akwai wata matar mahauci da ta sa shi shara sau biyar, mijinta har ya fara ba da haƙuri, ubana ya ce a bar ta, irinta shike so. Ya ce wadda shike tsoro ita ce mai cewa ya yi tun ba ta taka ba. Abin da shike gaya wa kowace mace ke nan: "Yau tsintsiya ta isa gyara shi. In anka ɗora tubali, sai dai ki zauna da abinki."

Na ji maganar nan ta fi a ƙirga. Kuma ni ce na kasa aiki da ita.

Da anka kawo ni Malanbil aure, wurin wani manomin shinkafa da albasa, mutumin kirki, Allah shi jiƙan shi, na fara zama ɗakin uwar mijina kafin a yi mana namu sashe. Uban mijina ya aika Gene a kira ubana shi yi ginin, don girmamawa. Dattawan gidan sunka tsaya sunka nuna: zaure nan, babban rumbu a tsakiya, ɗakin amarya a bayan rumbu, inda idon baƙo ba ya kaiwa. Ubana ya zana yadda sunka ce, wata yarinya ta riƙe mishi igiya, ni ina ɗaka a lulluɓe. Sannan ya ce a fito da ni in taka. Na fito, ga surukaina a tsaye, ga ƙannen miji, ga mijin kanshi can gefe shina kallon ƙasa. Na ja mayafi har goshi, na shiga ta zauren toka, na kewaye rumbun toka, na tsaya cikin ɗakin toka, idona bisa yatsun ƙafata. Ubana ya ce, "Ya yi miki?" Na ce, "Ya yi." Ya ce, "Sake zagayawa, ki ɗauko tulu." Na ce, "Ya yi, Baba." Uwar mijina ta ce, "Kai, wagga yarinya akwai kunya, Allah shi yi mata albarka." Sai ubana ya matso, ya sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Daga nan kina ganin ƙofa?" Ina ganinta mana, tunda rumbun zagayen toka ne kawai a ƙasa. Kuma na san sarai ranar da ya tashi ya yi tsawon mutum biyu, ba zan ƙara ganinta ba. Wa ya kai ni sani, ni da na girma da ƙwaryar toka a kai? Amma yabon da anka yi mini shina cikin kunnena da ɗumi, kuma ta yaya amarya ta wata guda za ta buɗe baki ta gyara wa dattawa gida? Na ce, "Ya yi." Ya daɗe shina kallona. Sannan ya zare tsintsiyar daga hammata ya jingine ta jikin danga.

Ɗakin ya yi kyau, babu ƙarya. Rufinshi bai taɓa yoyo ba. Amma in kana cikinshi kamar kana cikin rijiya kake. Hayaniyar gida tana iso ni a daskare, sallama kuwa sai wani ya amsa ya zo ya gaya mini. In na ji dariya a tsakar gida, kafin in kewayo rumbu an gama ta, in ce mi anka yi, a ce ba komi.

Bayan na haifi na biyu, ɗan farin kuwa tun yaye shina hannun kakarshi kamar yadda ake yi, wata ranar kasuwa gidan duk ya watse, an kai albasa. Ni kaɗai anka bari da jariri mai ciwon ciki, shina ta tsala kuka, maƙwabta kuma suna sussuka. Ran nan ubana ya zo daga Gene. Ya tsaya a zaure ya yi sallama. Ya sake. Ya yi ta uku. Uba ba ya faɗawa gidan surukinshi ba a amsa mishi ba, ko da shi ya gina gidan da hannunshi. Ya zauna cikin zauren har inuwa ta juya, sannan ya tashi don kada motar komawa ta bar shi. Sai da la'asar maƙwabciyata ta ce mini, "Na ga tsohonki ɗazu a zaure, na ɗauka kun gana." Na fita da gudu ba mayafi, na tarar da goro biyar a ƙulle cikin ganye bisa dakali. Na ce ba komi, in na yi arba'in zan je. Ban kai ga arba'in ɗin ba anka aiko ya cika.

Wurin zaman makoki uwata ta jawo ni ɗaka ta miƙo mini igiyar nan mai ƙulle-ƙulle. Ta ce, "Da ita ya tafi wurinki ran nan, da ƙwaryar toka. Ya ce ɗakin yarinyar nan shina damunshi, za shi roƙi mijinki a fitar miki da wani kusa da zaure, shi zai gina ba ko dala." Na karɓi igiyar na sa ƙasan akwati. Ban gaya wa mijina ba. Na ce sai an kwana biyu, na ce sai bayan girbi, na ce sai baɗi. Da haka ɗiya sunka taso, sunka watse, wasu Paraku, wasu Kwatano, mata sunka tafi gidajensu har ƙetaren gulbi. Soja sunka sauka anka fara jefa ƙuri'a, mijina ya jefa tashi sau biyu ya tafi inda ba a dawowa. Rumbu ya zama fanko, sai jemagu, amma shina nan tsaye tsakanina da ƙofa. Ban taɓa cewa a rushe shi ba. Gulbi ne ya rushe shi, shekarar da ya cika ya shigo gari, ya narkar da gidajen ƙasa na unguwarmu kamar gishiri. Na fita da akwatina a kai, ruwa har ƙugu. Da ya janye babu abin da ya rage na aikin ubana sai tudun laka.

Ɗana na fari, wanda ke Kwatano, ya aiko cewa za a yi gidan siminti. Ya turo ɗiyarshi, takwarata, wadda anka sa wa sunana, ta yi karatun zanen gini har ta gama. Ta tarar da ni cikin bukkar zana a gefen filin. Ta shigo tana toshe hanci don tsokana, ta ce, "Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu kin bar mini sunana ni kaɗai ba?" Na ce, "Sunan aro ne gare ki, ƴar nema, in na ga dama in karɓe abina." Kwana biyu tana auna filin da wani awo na ƙarfe mai naɗe kanshi, tana rubutawa. Rana ta uku ta zauna bisa tabarmata ta buɗe wani allo mai haske, ordinatar, ta ce in zo in ga gidana.

Zan faɗi gaskiya, abin ya ba ni tsoro kuma ya burge ni. Gida ne tsaye cikin allon, da fenti, da taga, har da bishiyar da ba a shuka ba. Ta sa yatsa ta juya shi kamar waina, ta cire rufin anka ga ciki, ta maida. Ta nuna mini inda inuwa za ta faɗi da hantsi, da inda za ta koma da la'asar, rana tana tafiya cikin allon kamar an kore ta. Ta nuna mini iyakar da ruwa ya kai a jikin bishiyar maƙwabta, ta ce an ɗaga daɓen gidan ya wuce nan, ko gulbi ya dawo sai dai shi gaida mu daga waje. Wannan ubana bai iya ba. Toka tana nuna faɗi da tsawo, ba ta nuna bisa. Sannan ta shiga da mu ta ƙofa, fuu, munka wuce wurin ajiye mota, munka wuce falo, munka bi wani lungu, munka karya, sai ga ɗaki. Ta ce, "Wala, ga shi! Naki ke nan. Ga makewayinki a ciki, ga pampo, ba ruwanki da kowa." Duk tafiyar nan ba ta kai ƙiftawar ido uku ba. Sai ta kira ubanta a tarho ta buɗe murya. Ya gaishe ni, na amsa a gajarce ina kallon gefe, don ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanshi ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba tun da na haife shi. Ya ce, "Inna, can baya anka sa miki, babu ƙarar kabu-kabu, babu mai damunki, ki huta. Ya yi miki?"

Na ji bakina ya ce, "Ya yi."

Da muryar yarinyar nan mai mayafi har goshi na faɗe shi. Ashe tana nan cikina, shekara da shekaru, ba ta girma ba. Takwara ta rufe allonta ta ce maso, wato magini, za shi zo da mutanenshi ran Alhamis a fara haƙa. Ran nan Litinin ce.

Na wuni ban ci abin kirki ba. Washegari na ɗauki ƙwarya na fita neman toka, sai na tarar ita ma ta zama abin nema. Wannan gida gas, wancan gawayi ɗan kaɗan, tokarshi ba ta cika tafin hannu ba. Sai can wurin mata masu turara shinkafa na samu, sunka cika mini ƙwaryar suna tambaya ko miyar toka zan yi wa gari duka. Na tankaɗe ta da hannuna. Na buɗe akwati na fiddo igiyar. Sannan na tsaya bakin filin, na gane ba zan iya ni kaɗai ba. Igiya tana son mutum biyu, kuma ban san kamu nawa ke cikin allon ba. Duk wanda ya san wanga aiki a duniya, in ban da ni, shina ƙarƙashin ƙasa.

Da hantsin Laraba na ce, "Takwara, zo ki riƙe mini." Ta dubi igiyar ta dubi tokar ta fashe da dariya. Ta ce, "Kaka, tsafi za ki yi wa filin?" Na ce, "Gidanki za ki sauko mini da shi ƙasa in taka." Ta ce, "Ai maso za shi ja layi gobe da farar ƙasa." Na ce, "Nashi layin na mai diga ne. Nawa na mai zama ne." Ta ce aikin banza ne sau biyu, allonta ya auna komi har faɗin yatsa, kuma, ta faɗa tana dariya, gidan da anka zana da toka ai gulbi ya sha shi. Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Da ta ga fuskata sai ta daina dariya, ta cire takalmanta masu tsini, ta auna igiyar da awonta na ƙarfe, ta ce kamu biyu na ubana sun kusa mitir guda, to mu je.

Tana karantawa daga allon, tana ja, ni ina duƙawa ina zubawa. Bayana ya yi ƙara, layin ya fito a karkace kamar sawun maciji, amma hannun bai manta ba: in na iso ƙofa shi da kanshi shike rufewa. Muna tsakiyar falo igiyar ta tsinke wurin wani ƙulli, ta rube da daɗewa. Na tsaya da guntu a hannu. Takwara ta zaro awonta, da shi munka ƙarasa. Kafin azahar gidan shina kwance a ƙasa, fari. Ta ɗaga ƙafa za ta ƙetare layi ta ɗauko ruwa, sai na ji tsawa ta fito daga bakina: "Ke aljana ce? Ga ƙofa can!" Ta yi tsalle da baya, ta bi ta ƙofar tana ƙunƙuni.

Na ce ta kawo kujerata da butata da sandata cikin ɗakin baya. Munka zauna cikin toka, rana bisa kanmu. Ta ce, "To, sai mi?" Na ce, "Sai jira." Ba a daɗe ba sai ga mai tallan kifi, ɗiyar wata ƙawata da ta rasu, wadda ba ta taɓa wucewa ba ta gaishe ni ba. Ta tsaya bakin hanya da tirenta, ta ɗaga murya ta yi sallama wajen bukkar. Takwara ta buɗe baki za ta amsa, na riƙe hannunta, na ce, "Akwai bango huɗu tsakaninku, ba ta jin ki. Tashe ni. Kuma da tafiyata za ki tafi, ba da taki ba." Ta kama ni na miƙe. Munka fita ƙofar ɗakin, munka bi lungu, ina dogara sanda, gwiwa tana cewa a tsaya. Mai kifi ta yi ta biyu. Munka karya kwana. Ta yi ta uku muna bakin falo. Ta hango mu sarai, don babu bango, amma ta ga tsohuwa da jikarta suna tafiyar hawainiya cikin layin toka ba su ko dube ta ba, ta ɗauka wani abu ne ba nata ba, ta gyara tirenta ta yi gaba. Da munka ƙetare wurin mota munka iso ƙofar gida, bayanta kawai munka gani tana shan kwanar masallaci.

Takwara ta ce, a hankali, "Taki arba'in da bakwai." Ashe tana ƙirgawa. Ta ce, "A allon ban taɓa ganin nisan ba." Na ce, "A allon yatsanki ke tafiya. Yatsanki ba shi da gwiwa." Nan tsaye bakin ƙofar toka na gaya mata labarin rumbu, da goro biyar, da abin da uwata ta ce. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har wanda na zauna da shi shekara arba'in. Ta saurara har na gama. Sannan ta tafi bukka ta ɗauko tsintsiya, ta ce, "Ina kike so?" Na nuna da sanda, dab da ƙofa, hannun dama. Ta ciji leɓe. Ta ce, "Nan wurin motar Baba ne. Shi ya ce a sa. Ni ba zan iya cire shi ba, sai ke."

Ta kira shi. Ta yi mishi bayani da Faransanci, ina jin muryarshi tana tashi, na tsinci kalmar mota, na tsinci kalmar ɓarayi, na ji ya koma Hausa shina cewa ai Inna da bakinta ta ce ya yi. Takwara ta miƙo mini tarhon. Na dube shi kamar garwashi. Mutumin nan shina da furfura, shina da jikoki a hanya, kuma ban taɓa roƙon shi ko allura ba, komi sai ta bakin wani. Gobe Alhamis. Tsintsiya tana hannun yarinya. Na karɓa na kai kunne, na ce, "Kai." Ya ce, "Na'am, Inna." Na ce, "Ban son baya. Na zauna baya ya ishe ni. Ƙofa nike so." Sai na ji ya gyara murya, ya ce, "To, Inna. Mi ya sa ba ki faɗa ba tuntuni?" Na miƙa wa ɗiyarshi tarhonta.

Ita ta share da hannunta, ni na zuba sabon layi da sauran tokar. Sannan ta buɗe allon, ta sa yatsa ta ɗauki ɗakin nan daga baya ta ajiye shi gaba, kamar mai ɗauke faifai daga kan ƙwarya. Abin da na kasa yi tsawon rayuwata. Ta kori ranarta ta cikin allo, ta ce da la'asar zafi za shi buge ƙofar, sai a yi rumfa, ta ƙara rumfa. Ta roƙi maso shi jira har Asabar, don in cika kwana ukuna. Na cika su. Na ja kujerata nan, na maida ta can, na sa anka matsar da ƙofar kamu guda.

Yanzu gidan ya tsaya. Tokar tana ƙarƙashin siminti, guntayen igiyar suna cikin akwati. Takwara ta koma Kwatano, tana kira ran Juma'a ta tambaya ko na mutu. Ta ce a wurin aikinsu babu mai lokacin zuba toka, gidaje goma suke zanawa a wata, masu su ma wasu ba su ƙasar. Ubanta shina zuwa da Salla, motar tana kwana waje, bai taɓa yin maganar ba. Sauran ɗakunan a kulle suke, in iska ta taso ina jin tagoginsu suna motsi. Ni kuwa ina nan ƙarƙashin rumfa, taki shida daga ƙofa. Ina jin komi: kabu-kabu masu zuwa gada, amalanken albasa, Dandawa suna gaisuwarsu ta fofo da juna, mata suna cinikin kifi. Waɗanda na so in ji takunsu dai sun riga sun wuce, ɗakin ya zo kusa bayan masu zuwa sun ƙare. Wata rana tun safe har magariba ba wanda zai tsaya ƙofar nan.

Amma maƙwabta sun san ni da wani hali, har suna yi mini dariya. In anka yi sallama a layinmu, ko ba ƙofata ba ce, ko gida na uku ne, ni ke fara amsawa. In muryar ta tsoho ce, har miƙewa nike yi. Ba na bari a kai ta biyu.